Sauyin Yanayi a Ma'aunin Baitulmali: Abin da Manufofin Gwamnatin Nijeriya Ke Ci Daga Kasafin Kuɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi manufofin gwamnatin tarayyar Nijeriya kan sauyin yanayi ta fuskar nauyin da suke ɗora wa baitulmali, tun daga ambaliyar shekarar 2012 har zuwa ɓallewar madatsar ruwan Alau a 2024. An bi diddigin alƙawuran da aka ɗauka, da kuɗin da aka ƙiyasta za su ci, da kuma inda kuɗin gwamnati ya tafi a zahiri. Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan abin da sauyin yanayi ke ci daga aljihun gwamnati ba ya bayyana da wannan suna a cikin kasafin kuɗi. Yakan ɓuya ne a cikin ƙwarya-ƙwaryar kasafi na bayan bala'i, da bashin da ake ciyowa daga waje, da kuma kuɗin shiga da ake fargabar za su ragu.

1.0 Gabatarwa

A farkon watan Nuwamba na shekarar 2021, a taron ƙasashen duniya kan sauyin yanayi da aka gudanar a birnin Gilasgo na Birtaniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa ya zuwa shekarar 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda dazuzzuka da sauran hanyoyi ke zuƙewa. Bayan kimanin makonni biyu ya rattaba hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi ta 2021. Dokar ta kafa majalisar ƙasa ta musamman wadda shugaban ƙasa da kansa ke jagoranta, ta tanadi asusu na sauyin yanayi, ta kuma buƙaci a riƙa ƙayyade iyakar hayaƙin da ƙasar za ta fitar a kowane zango na shekara biyar. Har ila yau ta buɗe ƙofar sanya haraji a kan fitar da iskar kabon.

Alƙawari a bakin shugaba abu ne mai sauƙi. Wuyar aikin tana farawa ne a lokacin da aka zo tambayar wa zai biya, da wane kuɗi, kuma me za a fasa yi domin a samu wannan kuɗin. Wannan tambaya ce maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Farashin alƙawari

Ba a jima ba aka sa wa alƙawarin farashi. A watan Agusta na 2022 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin sauya makamashi na ƙasa, wanda ya shafi wutar lantarki da girki da sufuri da masana'antu da ɓangaren mai da gas. Shirin ya ƙiyasta cewa za a kashe dala tiriliyan 1.9 kafin 2060, kuma daga ciki dala biliyan 410 ƙari ne a kan abin da dama za a kashe ko da ba a ɗauki alƙawarin ba. Idan aka raba wannan ƙarin a kan shekarun da suka rage, ya tashi kimanin dala biliyan 10 a kowace shekara.

Domin a gane girman wannan adadi, sai a ajiye shi kusa da kasafin kuɗin tarayya na shekarar 2022, wanda aka sa wa hannu a kan naira tiriliyan 17.13. A farashin canji na hukuma na wancan lokaci, dala biliyan 10 ta ɗara naira tiriliyan huɗu, wato kusan rubu'in kasafin baki ɗaya. A wannan shekarar ce kuma Bankin Duniya ya lissafa cewa biyan bashi da kuɗin ruwansa ya cinye kimanin kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ke nan tun daga tushe ba a tsara shirin bisa tunanin cewa baitulmali ne zai ɗauke shi ba. An jingina shi ne a kan 'yan kasuwa masu zuba jari da kuma ƙasashen waje.

Haka abin yake a takardar ƙudurin da Nijeriya ta sabunta ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 ƙarƙashin yarjejeniyar Faris. Ƙasar ta ce za ta rage hayaƙinta da kashi 20 cikin ɗari kafin 2030 da ƙarfin kanta, amma za ta iya kaiwa kashi 47 idan ta sami taimako daga waje. Fiye da rabin alƙawarin yana rataye ne a wuyan wasu. Tarihin irin wannan taimako kuwa ba mai kwantar da hankali ba ne. A taron Kofinhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin tara dala biliyan 100 a kowace shekara kafin 2020, amma ba a kai wannan adadi ba sai a 2022, kuma mafi yawan abin da gwamnatoci da manyan bankunan raya ƙasa suka bayar rance ne. Asusun biyan asara da ɓarna da aka amince da shi a Masar a 2022, aka kuma soma zuba masa kuɗi a Dubai a 2023, ya fara ne da alƙawuran da ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba, na dukkan ƙasashe masu tasowa.

A nan akwai wani batu na harshe da ya cancanci masu nazarin Hausa su tsaya a kansa. Kalmar "tallafi" ta zama tamkar babbar riga a bakin 'yan jarida: da ita ake fassara rangwamen da gwamnati ke yi a kan farashin fetur, da ita ake kiran buhun shinkafar da ake raba wa waɗanda ambaliya ta kora, da ita kuma sau da yawa ake ba da labarin kuɗin da ya shigo daga Bankin Duniya. Mai sauraro a karkara idan ya ji "tallafi" kyauta ce ke zuwa masa a rai. Alhali shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2021 domin farfaɗo da ƙasar noma hekta miliyan ɗaya a jihohi 19 na Arewa da Babban Birnin Tarayya, rance ne na dala miliyan 700. Rance ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, amma dai rance ne, kuma da dala za a biya shi. A lokacin da aka amince da shi kuɗin bai kai naira biliyan 300 ba. Da darajar naira ta faɗi har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a 2024, bashin nan ɗaya ya zarce naira tiriliyan ɗaya ba tare da an ƙara ciyo ko sisi ba. Fassarar da ta kasa rarrabe kyauta da rance tana ɓoye wa jama'a wanda zai biya daga ƙarshe.

3.0 Abin da aka rubuta da sunan muhalli

Idan aka koma ga kuɗin da gwamnati ta ware ƙarara da sunan kare muhalli, sai a ga ɗan kaɗan ne. A watan Disamba na 2017 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta sayar da takardun lamuni na gwamnati da aka keɓe kuɗinsu ga ayyukan muhalli, inda ta tara naira biliyan 10.69. A 2019 ta sake tara naira biliyan 15. Da irin wannan kuɗi aka dasa itatuwa, aka kuma samar da wutar hasken rana a wasu jami'o'in tarayya, ciki har da tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019. Aiki ne da ake iya gani da ido. Sai dai jimillar zagayen biyu ba ta kai naira biliyan 26 ba.

A shekarar 2022 kaɗai, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya bayyana cewa rangwamen farashin fetur ya ci naira tiriliyan 4.39. Wannan ya kama kimanin naira biliyan 12 a kowace rana. Abin nufi, duk abin da aka tara a waɗancan takardun lamuni guda biyu bai kai kuɗin rangwamen fetur na kwana uku ba. Abin lura na biyu shi ne, wannan adadi na rangwame ya yi kusan daidai da dala biliyan 10 da shirin sauya makamashi ke nema a shekara. Gwamnatin da ke yawon neman wannan kuɗi a ƙasashen waje domin rage ƙona mai, ita ce kuma ta kashe kwatankwacinsa a gida a 2022 domin a sauƙaƙa ƙona shi.

4.0 Janye tallafin mai

Saboda haka ne wasu masana ke ganin cewa matakin da ya fi kowanne tasiri a kan sauyin yanayi da gwamnatin Nijeriya ta taɓa ɗauka, ba a ɗauke shi da niyyar kare muhalli ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500, kafin ƙarshen watan Yuli kuma ta haura 600. Kason da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru ƙwarai idan aka ƙirga da naira.

Amma kuɗin da aka tsimin bai zauna wuri ɗaya yana jiran ayyukan muhalli ba. Faɗuwar naira ta kumbura kuɗin biyan bashin waje, tsadar rayuwa ta tilasta ƙarin albashi da rabon kayan rage raɗaɗi, aka kuma ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas, wanda shi ma kuɗi yake ci. A watan Agusta na 2023 an sanar da ba kowace jiha naira biliyan biyar domin sayen abinci, wani ɓangare nasa kuma bashi ne da jihohin za su biya. A ɗaya ɓangaren, tashin farashin gas na girki da kananzir ya mayar da gidaje da dama ga itace da gawayi. A Arewa, inda gwamnati ke kashe kuɗi wajen dasa itatuwa a jihohi 11 da ke bakin hamada ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wannan yana nufin hannu ɗaya na dasawa ɗaya na sarewa. Babu wani layi a kasafin kuɗi da ke nuna wannan asara.

5.0 Kasafin bayan bala'i

Inda nauyin sauyin yanayi ya fi faɗa wa baitulmali kai tsaye shi ne bayan an yi ɓarna. Ambaliyar 2012 ta hallaka mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, an kuma ƙiyasta asarar da ta jawo a kan naira tiriliyan 2.6. Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da fitar da naira biliyan 17.6 domin agaji, adadin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na asarar ba. Ragowar manoma da 'yan kasuwa da magidanta ne suka ɗauka, kowa da gwargwadon ƙarfinsa.

Bayan shekara goma abin ya maimaita kansa. Ambaliyar 2022 ta taɓa kusan dukkan jihohin ƙasar, ta ci rayuka sama da 600, ta kori kimanin mutum miliyan 1.4, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wani rukunin masana yanayi na ƙasa da ƙasa da ya yi nazarin damunar wannan shekara ya gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara ƙarfin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Ba a ce ɗumamar ce kaɗai sanadi ba, domin gine-gine a kan hanyar ruwa da toshewar magudanai da sakacin kula da madatsu duk sun taka rawa. Ƙiyasin da aka yi da hanyar lissafin Bankin Duniya ya sa ɓarnar kai tsaye a kan dala biliyan 6.68, wato kusan naira tiriliyan uku a canjin lokacin.

Abin da ya biyo baya ya isa darasi a kan yadda kuɗin gwamnati ke tafiya. A watan Disamba na 2022 Shugaba Buhari ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙwarya-ƙwaryar kasafi na naira biliyan 819.5, mafi yawansa domin gyaran hanyoyi da gadoji da ambaliya ta lalata, sauran kuma na noma da ayyukan ruwa. Da bashin cikin gida aka shirya cike wannan kasafi. Kafin a kai ga kashe kuɗin sai mulki ya sauya hannu, aka janye tallafin mai, jama'a suka shiga ƙunci. A watan Yuli na 2023 sabuwar gwamnati ta nemi a yi wa wannan kasafi gyara, aka zare naira biliyan 500 daga cikinsa domin rage raɗaɗin janye tallafin. A cikin gyaran ne kuma aka ware naira biliyan 70 ga ita kanta Majalisar, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a lokacin. Abin da ya rage wa Ma'aikatar Ayyuka domin gyaran ɓarnar ambaliya bai wuce kimanin naira biliyan 185 ba. A taƙaice, kuɗin da aka ranto domin ɗinke ɓarakar da sauyin yanayi ya yi, shi aka ɗauka aka toshe ramin da wani mataki mai amfani ga muhalli ya haƙa. Ba za a ce wanda ya ɗauki wannan shawara bai da hujja ba, domin yunwa ba ta jira. Amma gadar da ba a gyara ba tana nan tana jiran wata damuna.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sai dai tsarin kasafin kuɗi ya fi sauƙin biyan magani. Dalilin a bayyane yake. Idan kuɗin shiga ya gaza, ba a iya taɓa albashi, ba a iya ƙin biyan masu bin bashi, saboda haka manyan ayyuka ne ake fara yankewa. A cikin manyan ayyukan ma, yashe kogi ko ƙarfafa bangon madatsa ba abin da ake yanka kirtani a buɗe da kiɗa ba ne. Ribarsa ita ce bala'in da bai auku ba, wanda babu mai ɗaukar hotonsa. Madatsar Dasin Hausa a jihar Adamawa misali ce. An tsara ta ne domin ta riƙe ruwan da ake sakowa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, amma har yau ba a gina ta ba. Ko da yake ana saɓani a kan yawan rawar da Lagdo ke takawa a ambaliyar kogin Binuwai, kusan duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna sai an sake tuno da aikin, da rani ya shigo kuma a manta.

Madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri ta ƙara fito da lissafin fili. An gina ta a shekarun 1980, ta taɓa jawo mummunar ambaliya a 1994, sannan a ranar 10 ga Satumba, 2024 ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, har da asibitin koyarwa da babbar kasuwar Litinin da gidan ajiye namun daji. A farkon 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Wannan kuɗin ginin ne kawai, ban da na agaji da gyaran gari da jarin da 'yan kasuwa suka rasa.

Abin mamaki shi ne, akwai asusun da aka kafa tun 1981 domin irin wannan aiki, wato Asusun Kula da Muhalli, wanda ake cire masa wani ƙaramin kaso kai tsaye daga asusun tarayya. Daga kason gwamnatin tarayya ne hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ke samun wani ɓangare na kuɗinsu, jihohi kuma kowacce na karɓar nata. Matsalar asusun ba ta rashin doka ba ce, ta sa ido ce. Shari'ar tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, ita ce shaida mafi shahara: a 2018 kotu ta same shi da laifin karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na kuɗin muhalli na jihar, ta ɗaure shi, daga baya a 2022 aka yi masa afuwa. Duk wani sabon asusu, har da wanda Dokar 2021 ta tanada, zai gaji wannan rashin yarda, kuma masu ba da rance daga waje suna sa shi cikin lissafinsu.

6.0 Ɓangaren kuɗin shiga

Kasafi fuska biyu gare shi, kuma duk abin da ya gabata ya shafi fuskar kashewa ne. A fuskar samu, Nijeriya tana cikin wani hali da ƙasashen da ba su da mai ba sa ciki. Ɗanyen mai da gas ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje da ƙasar ke samu, kuma su ne ƙashin bayan abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Jihohi da yawa, musamman na Arewa, ba za su iya biyan albashi da harajin da suke tarawa a cikin gida ba. Saboda haka manufofin sauyin yanayi na Turai da Amurka da Sin sun fi na Abuja tasiri a kan baitulmalin jihar Yobe ko Zamfara: idan duniya ta cika alƙawarinta na rage ƙona mai, kason wata-wata zai ragu, idan kuma ba ta cika ba, ambaliya da fari za su ƙaru.

Gwamnati ta san da wannan, kuma dokokinta sun nuna ba ta yanke shawarar gefen da za ta bi ba. A watan Agusta na 2021, wata uku kacal kafin alƙawarin Gilasgo, aka sa hannu a kan Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda ta tanadi a riƙa cire kashi 30 cikin ɗari na wani ɓangare na ribar NNPC domin neman mai a yankunan da ba a taɓa haƙowa ba, irin su kwarin Binuwai da yankin Tafkin Chadi da Sakkwato. A watan Nuwamba na 2022, ruwan ambaliya bai gama janyewa daga gonakin Haɗeja ba, Shugaba Buhari ya je Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai. An kuma soma shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa a kan dala biliyan 2.8, bisa hujjar cewa gas shi ne tsanin da ƙasar za ta taka kafin ta kai ga makamashi mai tsafta. Hujjar tana da ƙarfi ga ƙasar da miliyoyin mutanenta ba su da wutar lantarki. Sai dai rijiyar mai da bututun gas jari ne da ake mayar da kuɗinsa cikin shekara ashirin zuwa talatin, kuma ƙarshen wannan wa'adi ya faɗa ne daidai shekarun da manyan masu sayen man Nijeriya a Turai suka ce za su daina dogaro da shi, wato wajejen 2050.